Ciki Biyu Da Falo A Yelwa

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, Habibatu ta sauka daga keke a bakin layin gidan Hajiya Yagana da ke Yelwa, riƙe da tsintsiya da bokiti da sabon labule a leda. Washegari za ta tare, ta zo ne ta karɓi makulli wurin maigadi ta share ta goge. Tun daga nesa ta hango mutane cunkushe a bakin get, samari na kai-kawo da jarkokin ruwa. Gidan sashe huɗu ne. Ta riƙa roƙon Allah a ranta, tana kuma jin kunyar roƙon, ya sa ba nata ba ne.

Nata ne. Sashen ƙarshe, na can ƙurya. An ɓalle ƙofar falo an kashe wutar, amma silin ɗin roba ya narke ya zubo, katakon rufi ya zama gawayi, ana hango sama ta tsakanin kwano.

Wata bakwai ta yi tana neman wannan wuri. Malamar firamare ce, mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Gidan da take haya a Wunti an sayar da shi, za a rushe a yi shaguna, wa'adinta jibi Lahadi. Babu dillalin da bai san fuskarta ba. Wani mai gida ya ce ba ya ba mace marar miji. Wani ya ce sai an biya shekara biyu a dunƙule. Wani ya ce ya fi son ɗalibai, don su shida sukan haɗu a ɗaki ɗaya su biya ba gardama. Sai da ta sayar da babur ɗin marigayi da keken ɗinkinta kafin ta samu wannan.

Ta ajiye bokitin ta zauna a kansa. Hawaye ma bai zo ba.

"Godfrey ne," in ji wani a cikin taron. "Na gan shi da safe a layin nan."

"Ai ya faɗa. Ranar da aka fitar da shi daga sashen nan ya ce Hajiya za ta gani."

"Kuma wa ya rage a unguwa lokacin Juma'a in ba irinsu ba?"

Mai unguwa ya ɗaga hannu yana cewa a bi a hankali, amma samarin sun fara tambayar inda Godfrey ya koma. Habibatu ta san Yelwa, ta san abin da irin wannan magana ke haifarwa. Ta zaro waya ta kira kawunta.

* * *

Malam Abdulsalami wan mahaifiyarta ne. Shekara talatin ya yi yana bin sawun shanun sata, daga dajin Ningi har bakin Filato, kafin gwiwa ta zaunar da shi a Ƙofar Dumi, inda yake sayar da igiya da gishirin dabbobi. Ya iso a bayan acaba da sandarsa, ya gaisa da mai unguwa, ya dubi tsakar gidan da ɗaruruwan ƙafafu suka mayar taɓo, ya girgiza kai.

"Yaushe ruwa ya ɗauke a nan?"

"Wajen sha ɗaya," in ji mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, riƙe mini yaran nan zuwa magariba. Kada kowa ya zagaya bayan ginin."

Ya bi gefen bango a hankali, kansa a sunkuye, Habibatu na binsa. Ya tsaya ƙarƙashin taga ya daɗe. Ya wuce lungun da ke tsakanin ginin da katanga, inda ƙofar kicin take, ya durƙusa da ƙyar. Da ya miƙe sai ya karɓi bokitinta ya kifa a kan wani wuri.

Maigadin, Mansir, siririn mutum ne da bai wuce talatin da biyar ba. Yana tsaye a ƙofar ɗakinsa na bakin get, ɗakin da in ka shimfiɗa tabarma sai ka naɗe gefenta. Takalmin roba ne dogo a ƙafarsa, na hagu an like dunduniyarsa da faci.

"Makullin sashen na hannun wa?" Malam Abdulsalami ya tambaya.

"Yana hannuna, Baba. Da shi na tafi masallaci, ga shi."

"Ƙarfe nawa ka fita?"

"Sha biyu da rabi. Ina son sahun gaba."

"Tun yaushe sashen yake ba kowa?"

"Wata biyu, tun fitar Godfrey."

"Kai kaɗai kake kwana a nan?"

"Ni kaɗai. Hajiya ba ta yarda da iyali ba. Matata na ƙauye."

Muryarsa na rawa, amma duk wanda ya ga gobara a gidan da yake gadi muryarsa za ta yi rawa.

* * *

Godfrey ma'aikaci ne a ɗakin karatu na jami'a. Suka same shi a wani shago da ba a gama ginawa ba, wanda wani ɗan cocinsu ya ara masa. Katifu biyu jingine da bango, firij a kashe, matarsa ta rungume 'ya'yanta a ƙurya. Labari ya riga su isowa.

"Baba, na je, ba zan yi ƙarya ba," ya ce. "Farantin dish ɗina na talabijin na manta a jikin bango. Na samu mai saye, na je na kwance. Ga shi nan."

"Ana ruwa ka je?"

"Ana ruwa. Da gangan na zaɓi lokacin, don kada in haɗu da kowa."

"Mutane sun ce ka yi wa Hajiya barazana."

Godfrey ya yi dariya marar daɗi. "Shekara tara ina gidan. Yarana uku a ciki aka haife su. Rana ɗaya aka ce haya ta ninka, in biya ko in fita. Na ce Allah zai nuna mata. Kai me za ka ce?" Ya dubi Habibatu. "Madam, ke ce kika kama? Yi haƙuri. Kicin ɗin na yoyo ta gefen hagu, da na gan ki da na faɗa miki."

Malam Abdulsalami ya ce a kawo takalmin da ya sa. Ya juya shi, ya duba ƙasansa, ya mayar masa.

"Kada ka fita yau. Gobe da hantsi ka zo ƙofar mai unguwa."

"In zo su kashe ni?"

"In ba ka zo ba ne za su ce kai ne."

A hanya Habibatu ta ce, "Kawu, shi ne?"

"Sawunsa na nan gindin bango, shiga da fita. Duk ɗigon ruwa ya huhhuda shi. Ana ruwa ya zo, ana ruwa ya tafi, wutar kuma sai bayan ɗaya ta tashi. Amma ƙarƙashin taga akwai mutum biyu da suka zo bayan ruwa ya ɗauke. Ɗaya takalminsa mai tsinin baki ne."

Habibatu ta tsaya cak. Ta san takalmin, wata bakwai tana bin sa layi-layi.

* * *

Auwalu dillali suka tarar a bakin get, ya zo jaje, hularsa a karkace, waya biyu a hannu. Da Malam Abdulsalami ya ja shi gefe ya tambaye shi me ya kawo shi gidan da rana, sai ya rantse da Allah rabonsa da layin tun Talata.

"To takalminka ya zo ba kai," in ji tsohon. "Ya tsaya a taga, ya yi ɗage, tare da wani mai nauyin jiki."

Auwalu ya kalli ƙafarsa, ya kalli Habibatu, ya share gumi.

"Baba, sana'a ce. Wani ma'aikacin banki ne aka turo daga Gombe, sati uku yana otal. Ya ce zai ƙara a kan abin da Malama ta biya."

"Gidan da na riga na biya?" in ji Habibatu.

"Nunawa kawai na yi, Malama. In Hajiya ta ji tayin ta ƙi, shi ke nan."

"In kuma ta karɓa?"

Auwalu ya kau da kai ya gyara hularsa.

"In gidan ya lalace aka fasa da ita, kai ka ci riba," in ji Malam Abdulsalami. "A gyara, a ƙara kuɗi, ka sake karɓar la'ada."

"Wallahi ko ciki ban shiga ba! Ƙarfe ɗaya saura muka zo, Mansir ya tafi da makulli. Ta taga muka so leƙawa, ita ma ba mu ga komai ba, Malama ta toshe ta da kwali."

"Ni?" in ji Habibatu. "Rabona da cikin gidan tun ranar da na biya, sati uku ke nan. Ban sa kwali ba."

Malam Abdulsalami ya dube ta, ya dubi rana da ta fara yin ja.

"Zo," ya ce.

* * *

Ya ɗaga bokitin. Sawun silifas ne na mace, ƙarami, gefensa kaifi kamar an yanka da wuƙa. Dunduniyar ta nutse ƙwarai. Kusa da shi ga wata 'yar ƙafa ba takalmi, ba ta kai tsawon tafin hannu ba.

"Tana da goyo, ta kuma ɗora kaya a ka," ya ce. "Ta ja yarinya da hannun dama. Yanzu nemo mini inda ta shiga."

Habibatu ta duba lungun daga farko har ƙarshe. Sawun ya fito daga ƙofar kicin ya nufi ƙaramar ƙofar da ake fitar da shara a jikin katanga. Babu wanda ya nufo ciki.

"Ba ta shiga ba, Kawu."

"Ta shiga, amma kafin ruwa. Ruwan kuma tun asuba ya fara. A ciki ta kwana."

Suka fita ta ƙofar shara. Sawun ya ratsa wata gonar masara da aka yi a filin da ba a gina ba, ya kauce wa kwata, ya tsaya a wani wuri inda yarinyar ta faɗi aka ɗaga ta. Tsohon na tafiya yana nuna mata da bakin sanda, bai ko yi jinkiri ba. A ƙarshen gonar akwai kango, bulo ya kai linta, ba rufi sai kwano biyu da aka jingina a kusurwa. A bakin kangon ya nuna mata wani sawun, sabo, na dogon takalmin roba mai faci a dunduniyar hagu. Ya zo da gudu, ya koma da gudu.

Malam Abdulsalami ya yi sallama.

Matar na zaune ƙarƙashin kwanon a kan ƙullin kaya, jariri a cinyarta. Ta naɗe hannunta na dama da tsumma. Yarinya 'yar shekara uku ta maƙale a bayanta tana kallonsu, bakinta a buɗe, hawaye na zuba, amma ko ƙaramin sauti ba ya fita.

"Ke ce matar Mansir?"

"Ni ce. Ni'ima." Ta dubi Habibatu. "Ke ce mai gidan, na sani. Na gan ki ranar da kika zo dubawa. Muna cikin masarar nan muna jira ki tafi."

Habibatu ta nemi bulo ta zauna.

Ni'ima ta yi magana ba tare da an tambaye ta ba, kamar wadda ta gaji da riƙewa. Ɗaki ɗaya suke haya a bayan kasuwa. Aka ƙara kuɗi, albashin gadi bai kai ba, aka fitar musu da kaya ana saura kwana goma ta haihu. Ƙauyensu ba ya zaunuwa, iyayenta ma sun watse. Mansir ya ce su fake a sashen da ba kowa na sati ɗaya, kafin ya samu wani ɗakin. Ya nema, har wajen gari ya nema. Sati ɗaya ya zama wata biyu.

"Ba ma kunna fitila. Ba na girki sai maƙwabta sun fita aiki. Khairat na koya mata ta riƙa kuka a ciki, kin ga ta iya." Ta shafa kan yarinyar. "Jiya ya ce gobe za ki zo karɓar makulli, mu dawo nan. Na dubi sama, na dubi yaron nan. Sai na ce in bango ya yi baƙi, ai sai an yi fenti, fenti kuma zai ɗauki wata guda. Wata guda kawai nake so, damina ta wuce. Kwali na tara a kusurwa na zuba kananzir kaɗan. Ban san silin ɗin zai kama haka ba. Na so kashewa da hannu."

"Mansir ya sani?"

"Sai da ya dawo masallaci. Anti, ban san kina da yara ba. Na ɗauka mai kama irin wannan gida tana da wani wurin."

"Jibi za a rushe inda nake," in ji Habibatu.

Ni'ima ta sunkuyar da kai. Da suka fito, Habibatu ta ce, "Kawu, me za ka faɗa gobe?"

"Akwai mutumin da za a iya kashewa a kan abin da bai yi ba," ya ce. "Wannan dole in faɗa. Sauran ban sani ba."

* * *

Da hantsin Asabar aka taru a rumfar ƙofar mai unguwa. Hajiya Yagana ta zo a mota, aka sa mata kujera. Godfrey ya zauna kusa da 'yan sanda biyu da mai unguwa ya kira. Auwalu na gefe yana latsa waya, Mansir ya tsuguna a bakin tabarma. Samari sun cika layi.

Malam Abdulsalami ya yi bayani a tsaye, dogare da sanda. Ya faɗi sawun Godfrey da ɗigon ruwan da ya huda shi, ya ce duk mai shakka ya je ya gani, yana nan gindin bango. Ya faɗi sawun Auwalu da baƙonsa, da inda suka tsaya suka juya. Hajiya ta harari dillalin, amma da ta ji abin da ma'aikacin bankin ya taya sai fuskarta ta ɗan saki.

"To waye?" ta ce. "Ni gidana aka ƙona."

"Kafin masu kashe wuta su ɓalle ƙofar falo, ba a taɓa kwaɗo ko ɗaya ba, Hajiya. Wanda ya kunna wutar bai shigo daga waje ba. Daga ciki ya fito."

"Daga ciki? Wa ke ciki?"

Tsohon ya buɗe baki, sai Mansir ya miƙe.

"Ni ne."

Kowa ya juyo gare shi.

"Ni nake kwana a ciki, ɗakin gadi na yoyo. Na bar risho a kunne na tafi masallaci, kwali na kusa. Ni ne, ba kowa."

"Kai kaɗai?" in ji ɗaya daga cikin 'yan sandan.

"Ni kaɗai."

Mai unguwa ya juya. "Malam Abdulsalami, kai ka karanta ƙasa. Haka ne?"

Habibatu ta dubi kawunta. Ta san an taɓa yi masa tayin saniya biyu don ya ce sawu ya ɓace, ya ƙi. Mansir bai dube shi ba, ƙasa yake kallo.

"Makulli a hannunsa yake," in ji tsohon. Ya zauna.

Mai unguwa ya juyo gare ta. "Malama, ke aka fi cuta. Kina da abin cewa?"

"Babu, ranka ya daɗe."

Aka sa Mansir a bayan motar 'yan sanda. Samarin suka watse, ba wanda ya ce wa Godfrey ya yi haƙuri. Shi ma bai jira ba, ya yi wa tsohon godiya da hannu biyu ya bi ta bayan layi.

Habibatu ta tari Hajiya tana shirin shiga mota.

"Hajiya, ni yanzu ina zan nufa?"

"'Yar nan, ni ma asara na yi. Gyaran nan zai kai wata uku, kuma kin san yadda kwano da katako suka koma. In an gama ba zai tsaya a tsohon farashi ba. In za ki iya cikawa, ke ce farko."

"In ba zan iya ba?"

"In wani ya shiga sai a mayar miki da naki. Yanzu babu shi a hannuna."

Gilashin motar ya ɗaga.

* * *

Ranar Lahadi aka kwashe kayan Wunti. Gado da kujeru suka tafi zauren wani maƙwabcin Malam Abdulsalami a Ƙofar Dumi. Babban ɗanta ya koma wurin dangin ubansa, ta tsakiyar aka kai ta gidan wata malamar makarantarsu. Habibatu da ƙaramar suka samu gefen ɗakin matar kawu, tsakanin buhunan gishiri.

Da la'asar ta zuba tuwo a kula, ta ɗauki maganin ƙuna da tsohon bargo. Kawu bai tambaye ta ina za ta ba, sandarsa kawai ya ɗauka.

Kangon ba kowa. An tara sabon yashi a bakinsa, wani birkila na auna bango da igiya. Ya ce mai wurin ya ji labarin gobara, ya zo da safe ya kori wata mata da ya tarar, ya ce a rufa ginin kafin ɗalibai su dawo hutu.

"Ina ta nufa?" in ji Habibatu.

"Ban duba ba, Hajiya."

Malam Abdulsalami ya riga ya sunkuya. Sawun ya fita ta gefen yashin, silifas da 'yar ƙafa, ya bi wata siririyar hanya tsakanin gidaje. Takun ya gajarta, tana tsayawa kusan kowane taku ashirin. A wani wuri 'yar ƙafar ta ɓace, dunduniyar uwar ta ƙara nutsewa. Suka bi shi har bakin babban titi, inda kekuna da motoci ke wucewa ba tsayawa. Nan ya hau kwalta.

Tsohon ya tsallaka da ƙyar, ya duba ɗaya gefen, ya yi sama, ya yi ƙasa, ya dawo.

"Kawu?"

"Ya ƙare," ya ce.

Habibatu ta tsaya rungume da kular, tana duban hagu da dama. Wani mai keke ya rage gudu ya leƙo.

"Hajiya, ina za a kai ki?"

Ta ci gaba da duban titi, har ya gaji ya ja kekensa.